RAHOTON MUSAMMAN: Yadda masanin teku Robert Orth ya dawo da ciyawar da ta ɓace kusan shekaru 70 a gaɓar Amurka

A watan Oktoba na shekarar 2020, mujallar kimiyya ta Science Advances ta buga sakamakon wani aiki da aka shafe shekaru 20 ana yi a gaɓar Jihar Virginia da ke gabashin Amurka. Tsakanin 1999 da 2018, masana da 'yan sa-kai sun watsa ƙwayar irin ciyawar teku miliyan 74.5 a cikin wasu tafkunan ruwan gishiri huɗu, waɗanda ƙasansu ta kasance taɓo da rairayi tsagwaro tun farkon shekarun 1930. Filin da aka watsa wa irin hekta 213 ne kacal. Daga nan ciyawar ta yaɗu da kanta har ta rufe hekta 3,612, wato ninki 17 na abin da aka shuka, kwatankwacin filin ƙwallon ƙafa 5,000.

Jagoran wannan aiki shi ne Farfesa Robert Orth na Cibiyar Nazarin Kimiyyar Teku ta Virginia, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar William and Mary. Masana da dama na ɗaukar aikin nasa a matsayin farfaɗo da ciyawar teku mafi girma da aka taɓa yin nasararsa a duniya. Sai dai kafin ya kai ga wannan nasara, Orth ya kwashe kimanin shekaru 20 yana dasa ciyawar a wani wuri dabam, tana mutuwa. Bambancin da ke tsakanin wurin da ta mutu da wurin da ta rayu shi ne babban abin da bincikensa ya bar wa masu tsara manufofin muhalli da masu raba kasafin kuɗi.

Ciyawa ce ta gaske

Mutane da yawa na ɗaukar duk wani koren abu da ke cikin ruwa a matsayin gansakuka. Ciyawar teku ta sha bamban da gansakuka. Tsiro ne mai saiwa da ganye da fure da ƙwaya, kamar shinkafa ko alkama. Masana sun ce kakanninta a tudu suka rayu, kafin su koma cikin teku kimanin shekaru miliyan 100 da suka wuce. A yau akwai nau'inta kusan 72, kuma ana samun ta a gaɓar ƙasashe 159, kamar yadda rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna.

Nau'in da Orth ya sadaukar da rayuwarsa a kai shi ne wanda masana ke kira Zostera marina. Ganyensa siriri ne dogo kamar zare mai faɗi, yana kuma rayuwa a ruwa mai sanyi-sanyi na arewacin duniya. Hanya biyu yake yaɗuwa. Ta farko, jijiyarsa tana rarrafe a ƙarƙashin taɓo tana fitar da sabon tsiro, kamar yadda kiri-kiri ke mamaye fili. Ta biyu, yana fure a cikin ruwa, igiyar ruwa ta ɗauki ƙurar furen daga wannan tsiro zuwa wancan, sannan ya yi ƙwaya mai girman ƙwayar shinkafa. Mutanen Seri na arewa maso yammacin Meziko sun daɗe suna girbe wannan ƙwaya suna ci a matsayin hatsi, yayin da mazauna tsibirin Laeso na ƙasar Denmark ke rufin ɗaki da busasshen ganyen.

Amfaninta ga teku ya zarce girmanta. Cikin duhuwarta ƙananan kifaye da ƙaguwa da jatan lande ke ɓuya har su yi ƙwari. Wani bincike na 2018 ya gano cewa kashi ɗaya cikin biyar na manyan wuraren kamun kifi 25 na duniya sun dogara da ita wajen renon 'ya'yan kifi. Kunkurun teku da ayu ita ce abincinsu. Ganyenta na rage ƙarfin igiyar ruwa, saiwarta na riƙe ƙasa, abin da ke rage zaizayar gaɓa.

Rauninta guda ne babba: ba ta haƙuri da duhu. Tana buƙatar kusan kashi ɗaya cikin biyar na hasken ranar da ya sauka a saman ruwa ya kai ga ganyenta, alhali gansakuka da yawa na iya rayuwa da kashi 1 cikin 100. Da zarar ruwa ya dagule, ita ce ke fara mutuwa.

Annobar da ta share gaɓar Atlantika

A farkon shekarun 1930 wata cuta ta auka wa Zostera a ɓangarori biyu na arewacin Tekun Atlantika, daga Amurka da Kanada har zuwa Turai. Ganye kan yi baƙaƙen tabo, ya ruɓe, ya tsinke. An ƙiyasta cewa kusan kashi 90 cikin 100 na ciyawar yankin ta mutu cikin 'yan shekaru. Sai bayan fiye da rabin ƙarni masana suka tabbatar da ƙwayar cutar, wata halitta mai tantani ɗaya da suka raɗa wa suna Labyrinthula zosterae.

Ɓarnar ba ta tsaya kan ciyawar ba. Wani nau'in dinya da ke ƙaura daga yankin ƙanƙara na arewa don ya yi kiwo a kanta ya ragu ƙwarai. Wata 'yar katantanwa da ba ta rayuwa sai a jikin ganyen ta ƙare ƙaf a Tekun Atlantika, ba a sake ganinta ba.

A gaɓar Virginia abin ya zo da ƙarin masifa. Yankin wani siririn zirin ƙasa ne da jerin tsibiran rairayi suka kare daga buɗaɗɗen teku, tsakaninsu kuma akwai tafkuna marasa zurfi da ruwan teku ke shiga yana fita sau biyu a rana. A watan Agusta na 1933 wata mahaukaciyar guguwa ta ratsa yankin, ta tumɓuke ɗan abin da cutar ta rage. Kafin nan masuntan wurin na samun abin rufin asiri daga kamun sikalof, wata halittar ruwa mai ɓawo biyu da ake cin namanta, wadda 'ya'yanta ke maƙalewa a ganyen ciyawar don tsira daga ƙaguwa. Da ciyawa ta tafi, sikalof ya bi ta, sana'ar ta mutu.

A wurare da yawa na Amurka da Turai ciyawar ta farfaɗo sannu a hankali cikin shekarun da suka biyo baya. A waɗannan tafkuna na Virginia kuwa shiru, har kusan shekaru 70. An haifi mutane sun tsufa a bakin ruwan ba su taɓa ganinta ba, har aka ɗauka cewa wurin ne ya daina karɓarta.

Shekarun da dashe ya ƙi kamawa

Orth ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Rutgers, na biyu a Jami'ar Virginia, ya kuma kammala na uku a Jami'ar Maryland a 1975. Bai fara da waɗancan tafkuna ba. Filin aikinsa na farko shi ne Mashigin Chesapeake, wanda ke ɗaya gefen zirin ƙasar, mashigin ruwa mafi girma a Amurka inda koguna ke haɗuwa da teku. Ruwan da ke kwarara cikinsa na fitowa ne daga jihohi shida da birnin Washington, inda mutane sama da miliyan 18 ke zaune a yau.

Ya shiga aikin ne a daidai lokacin da ciyawar Chesapeake ke mutuwa. A watan Yuni na 1972 guguwar Agnes ta zubar da ruwan sama mai yawan gaske, koguna suka kwaso laka da taki suka juye a mashigin. Ɗaya daga cikin rubuce-rubucensa na farko, a 1975, ya bayyana yadda garken wani nau'in kunamar ruwa ke tone ciyawar yana neman abinci a cikin taɓo. A 1983 shi da abokin aikinsa Kenneth Moore suka buga wata maƙala a mujallar Science, inda suka nuna cewa raguwar ciyawar ta shafi dukkan nau'o'in da ke mashigin, kuma ba a taɓa ganin irinta a tarihinsa ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Takin zamani da ruwan sama ke wankowa daga gonaki, da kashin kaji da na shanu, da ruwan masai na birane, duk suna ɗauke da naitirojin da fosforas, sinadaran nan biyu da manomi ya sani a buhun NPK. A gona albarka ne, a ruwa kuwa suna ciyar da ƙananan gansakuka, waɗanda ke hayayyafa su mayar da ruwa kore, wasu kuma su lulluɓe ganyen ciyawar. Laka ta ƙara duhu a kan duhu. Ciyawar sai ta mutu da yunwar haske.

Tun daga ƙarshen shekarun 1970 Orth da tawagarsa suka riƙa ciro ciyawa mai rai daga inda ta rage, suna dasawa da hannu a kogunan da ke shiga mashigin, irin su York da Rappahannock da James. Aiki ne mai cin lokaci da kuɗi, domin sai mai ninƙaya ya nutse ya dasa tsiro ɗaya bayan ɗaya. Dashen kan kama a lokacin sanyi, ya yi kyau shekara ɗaya ko biyu, sannan wani lokacin zafi mai dagulallen ruwa ya zo ya share shi. Mafi yawan wuraren ba su ɗore ba.

Abubuwa biyu suka fito daga waɗannan shekaru na wahala. Na farko shi ne ƙidaya. Daga 1984 cibiyar ta fara ɗaukar hoton dukkan gaɓar mashigin daga jirgin sama kowace shekara, tana zana taswirar inda ciyawa take da yawanta. Na biyu shi ne ma'auni. A 1993 Orth na cikin masanan da suka fitar da adadin haske da tsabtar ruwan da ciyawar ke buƙata kafin ta rayu, kuma hukumomi suka ɗauki wannan ma'auni suka gina ƙa'idojin ingancin ruwa a kansa. Ciyawar ta zama abin auna aikin gwamnati: idan an ce an tsabtace ruwa, sai a duba ko ta dawo.

Ruwa garau, iri babu

A ƙarshen shekarun 1990 aka gano wasu 'yan kuyoyin Zostera da suka tsiro da kansu a South Bay, ɗaya daga cikin tafkunan nan da aka fitar da rai da su. Ƙanana ne ƙwarai, amma sun isa hujja. Idan tsiro kaɗan zai rayu a wurin, to ruwan ba shi da laifi. Dalilin a fili yake: tsibiran da ke kewaye da tafkunan ba kowa a kansu, akasarinsu na ƙarƙashin kulawar ƙungiyar kare muhalli ta The Nature Conservancy, babu babban kogi da ke juye datti a ciki, teku kuma na wanke su kullum.

To me ya hana ciyawar dawowa duk tsawon shekarun nan? Amsar tana cikin wani binciken da Orth ya buga a 1994 game da tafiyar iri. Ya gano cewa ƙwayar Zostera na da nauyi, tana nutsewa nan take, kuma da wuya ta yi nisan da ya wuce 'yan mitoci daga inda ta faɗi kafin taɓo ya binne ta. Hanya ɗaya da iri ke yin doguwar tafiya ita ce reshe mai ɗauke da ƙwaya ya tsinke ya bi ruwa. Tafkunan Virginia sun yi nisa da duk wani filin ciyawa mai rai, mashigarsu kuma ƙanana ne, don haka irin da ke isa can bai taka kara ya karya ba.

Wato cuta iri biyu ce a wurare biyu da ke maƙwabtaka. A Chesapeake akwai iri, ruwa ne ya lalace. A tafkunan gaɓa ruwa na da kyau, iri ne babu. Maganin da ya ƙi aiki a wuri na farko shi ne ainihin abin da wuri na biyu ke jira.

Noma a ƙarƙashin ruwa

Hanyar da tawagar ta bi ba ta buƙatar manyan na'urori. A ƙarshen watan Mayu zuwa farkon Yuni, lokacin da ƙwaya ta kusa nuna, ma'aikata da 'yan sa-kai kan shiga ruwan da bai wuce ƙirji ba, sanye da gilashin ninƙaya, su riƙa tsinko rassan da ke ɗauke da iri suna zubawa a buhunan raga. Ba a taɓa saiwa, saboda haka uwar ciyawar na nan da ranta. Da farko daga Chesapeake aka riƙa ɗebo irin. Bayan 'yan shekaru filayen da aka farfaɗo suka fara ba da nasu.

Daga nan sai a juye rassan a manyan tankuna da ruwan teku ke gudana a ciki. Cikin 'yan makonni ƙwayar kan zube a gindin tanki, a tace ta daga ruɓaɓɓen ganye, a ƙirga, a adana ta cikin ruwa mai sanyi har zafi ya wuce. Akwai hikima a wannan jinkiri. Irin da ya kwana a ƙasan tafki tun daga Yuni, ƙaguwa da sauran halittu kan cinye da yawa daga cikinsa kafin lokacin tsirowa. Wajen watan Oktoba, gab da ruwa ya yi sanyin da iri ke tsirowa, sai a shiga kwalekwale a bi filin da aka auna ana watsawa da hannu, kamar mai yafa irin shinkafa a fadama.

Mafi yawan ƙwayar ba ta zama tsiro. Galibi abin da ke kamawa bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Shi ya sa yawa ke da muhimmanci. An watsa irin ne a filaye 536 da aka warwatsa a tafkunan South Bay da Cobb da Spider Crab da Hog Island, aka bar sarari tsakaninsu. Kowane fili da ya kama, bayan shekara biyu sai ya yi fure ya zubar da nasa irin a gefensa, har filayen suka haɗe suka zama shimfiɗa ɗaya.

Aikin bai rataya a wuyan hukuma ɗaya ba. Cibiyar Orth ta riƙe binciken iri da shuka. The Nature Conservancy ta tara 'yan sa-kai ta kuma samar da wurin ajiya. Masanan Jami'ar Virginia ƙarƙashin Farfesa Karen McGlathery suka riƙa auna abin da ke sauyawa a ruwa da taɓo. Hukumar albarkatun teku ta jihar ta keɓe wuraren da aka hana wasu ayyukan da za su tone ƙasa. Kuɗi kuma sun fito daga wurare da dama, ciki har da hukumar kula da teku da yanayi ta tarayyar Amurka da asusun lasisin masu kamun kifi na nishaɗi.

Abin da ya biyo bayan ciyawar

Da filayen suka yi faɗi, sai suka fara gyara wa kansu muhalli. Ganye ya rage gudun ruwa, laka ta kwanta, ruwa ya ƙara haske, ciyawa ta samu damar shiga inda a da ya yi mata duhu. Ƙananan halittu marasa ƙashi da kifaye suka yawaita. Daga ƙarshen shekarun 2000 aka kawo iyayen sikalof daga Jihar North Carolina, aka rene 'ya'yansu aka saki, kuma a yau ana samun waɗanda aka haifa a cikin tafkunan.

Akwai kuma batun sauyin yanayi. Ciyawar na zuƙar iskar kabon, matattun ganye da saiwa kuma na binnewa a taɓon da ba iska, inda ruɓewa ke tafiyar hawainiya. Binciken 2020 ya ƙiyasta cewa filayen na binne kimanin tan 3,000 na kabon da fiye da tan 600 na naitirojin a shekara. Wannan ya sa jihar ta shiga shirin sayar da wannan ajiya a kasuwar kabon. Sai dai wani lissafi da masanan Jami'ar Virginia suka buga a shekarar ya rage zumuɗi. Bayan cire iskar misen da sauran iskokin da filin ke fitarwa, kuɗin da za a samu daga South Bay bai wuce kimanin kashi 10 cikin 100 na abin da aka kashe a farfaɗo da shi ba. Ribar gaske tana cikin kifi da tsabtar ruwa da kariyar gaɓa.

A Chesapeake ma ciyawa ta dawo, amma ta wata hanya. Tun yarjejeniyar 1983 tsakanin gwamnatin tarayya da jihohin yankin, aka shiga gyara matatun ruwan masai da rage takin da ke tsiyayowa daga gonaki, kuma a 2010 hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙayyade wa kowace jiha iyakar dattin da za ta zubar. A 2018 Jonathan Lefcheck da Orth da abokan aikinsu suka haɗa hotunan sama na shekaru 30 da bayanan ingancin ruwa, suka nuna cewa naitirojin ya ragu da kashi 23 cikin 100, fosforas da kashi 8, ciyawar ruwa kuma ta ƙaru da hekta 17,000. A nan dashe bai taka rawar kirki ba, a tudu aka yi maganin. Ba don ƙidayar da aka riƙe tun 1984 ba, da babu mai iya tabbatar da cewa kuɗin da aka kashe sun yi aiki.

Nasara mai sharaɗi

Duk da haka ba a tsira ba. Zostera ba ta jure zafi, kuma Virginia na kusa da iyakar kudu ta inda take iya rayuwa. A 2005 da 2010 zafin ruwa ya kashe filaye masu yawa a kudancin Chesapeake. A 2015 ruwan tafkin Hog Island ya yi zafin da ya kashe kusan kashi 90 cikin 100 na tsiron da ke tsakiyar filin. Ciyawar ta farfaɗo cikin 'yan shekaru, amma taɓon ya yi asarar kimanin kashi ɗaya cikin biyar na kabon ɗin da ya tara. A Chesapeake baki ɗaya, ciyawar ruwa ta kai kimanin hekta 44,000 a 2018, sannan ta faɗi da kashi 38 cikin 100 a 2019 bayan mamakon ruwan sama ya sake kwaso laka da taki. Burin da hukumomi suka sa wa kansu a lokacin shi ne kusan hekta 75,000.

Hoton duniya ya fi wannan muni. Wani nazari na 2009 da Michelle Waycott ta jagoranta, wanda Orth ke cikin marubutansa, ya tattara bincike 215 ya gano cewa an yi asarar kashi 29 cikin 100 na ciyawar tekun da aka sani tun 1879, kuma tun 1980 ana rasa murabba'in kilomita 110 a kowace shekara. A Jihar Florida, mutuwar ciyawa sakamakon gurɓatar ruwa ta taimaka wajen halakar ayu kimanin 1,100 a 2021, har hukumomi suka koma zuba wa waɗanda suka rage ganyen latas don kada yunwa ta ƙarasa su. Wannan ayu ɗan'uwa ne ga wanda ke rayuwa a kogunan Neja da Binuwai. Wani nazari na 2016 kuma da ya duba gwaje-gwajen dashe 1,786 a faɗin duniya ya ƙiyasta cewa kashi 37 cikin 100 ne kawai suka ɗore, kuma manya sun fi ƙanana rayuwa.

Daga Virginia zuwa gaɓar Afirka ta Yamma

Hanyar watsa iri ta bazu zuwa wasu ƙasashe. A 2020 masana daga Jami'ar Swansea da abokan haɗin gwiwarsu sun shuka kimanin ƙwaya miliyan ɗaya a gaɓar Wales ta Birtaniya. A watan Mayu na 2022 Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ƙudurin da Sri Lanka ta gabatar, aka ayyana 1 ga Maris ta kowace shekara a matsayin Ranar Ciyawar Teku ta Duniya.

A Afirka ta Yamma, filayen da suka fi shahara su ne na gandun Banc d'Arguin a Muritaniya, inda masunta 'yan ƙabilar Imraguen ke kamun kifi da jiragen filafilai. A 2018 aka ƙaddamar da shirin ResilienSEA don zana taswirar ciyawar a ƙasashe bakwai: Muritaniya da Senegal da Gambiya da Gini Bisau da Gini da Saliyo da Cape Verde. A ƙarƙashinsa ne aka tabbatar da wanzuwarta a tsibiran Turtle na Saliyo a 2019. Yankin na matakin da Chesapeake ta kasance kafin 1984, wato sanin abin da ake da shi.

Najeriya na da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853, da Cibiyar Binciken Teku ta ƙasa da ke Legas tun 1975, da kuma Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa da aka kafa a watan Agusta na 2023. Tsiron da ke yi wa gaɓarta irin hidimar da Zostera ke yi wa Virginia shi ne dajin mangurof na Neja Delta, mafi girma a Afirka, wanda malalar ɗanyen mai da saran itace ke ci, ga kuma kwakwar nipa da aka shigo da ita Kalaba a 1906 tana mamaye gurbinsa. Ana ci gaba da dashen mangurof a ƙasar Ogoni a ƙarƙashin shirin tsabtace yankin da ya biyo bayan rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011.

Ga jami'in da takardar neman kuɗin irin wannan aiki za ta iso teburinsa, tarihin Orth ya bar tambayoyin da ya kamata a amsa kafin sa hannu. Me ya kashe tsiron tun farko, kuma an kawar da shi? Wurin iri yake nema ko tsabtacewa? Wa zai koma ya ƙirga abin da ya rayu bayan shekara biyar da goma, kuma daga wane layin kasafi za a biya shi? Yawan tsiron da aka dasa ranar ƙaddamarwa ba ya amsa ko ɗaya daga cikinsu.

Orth ya yi ritaya daga koyarwa, Dokta Christopher Patrick ya gaje shi a jagorancin shirin. Har yanzu ana ɗaukar hoton gaɓar kowace shekara, kuma duk ƙarshen Mayu 'yan sa-kai na komawa tafkunan su tsinko irin da za a watsa a Oktoba.